Sola, iska, ruwa ko bayogas: yadda za ka gane wanda ya dace da gidanka kafin ka fidda kuɗi

Duk wanda ya zo mini da tambayar wai sola ce ta fi ko fankar iska mai ba da wutar lantarki, amsata ɗaya ce, malam je ka ɗauko biro da takarda tukunna. Wasu har haushi suke ji, gani suke ja musu rai nake, amma ni sai da na yi asarar kuɗina kafin na gane cewa ba kasuwa ce za ta faɗa maka abin da za ka saya ba, gidanka ne da filin da yake kai.

Mataki na farko, san abin da gidanka yake ci

Bi ɗaki-ɗaki. Kowane kayan wuta in ka juya bayansa ko ƙasansa za ka ga 'yar takarda a manne da lamba da harafin W, wat kenan, wato ƙarfin da yake ja. Rubuta lambar, ka ninka ta da awannin da ake kunna shi a rana. Kuma don Allah awannin gaskiya za ka rubuta, ba wanda kake fata ba, in yara na kwana da fanka a kunne to ka sa haka.

Bari mu ɗauki gida madaidaici. Kwan fitila na LED guda 6, kowanne wat 10, awa 5, ya ba ka 300. Fanka biyu masu wat 60, awa 8, 960 kenan. Talabijin mai wat 80 awa 4, 320. Cajin wayoyi da kwamfuta a bar shi a 200. Firji shi lissafinsa daban ne don yana tashi yana hutawa, amma madaidaici kan ci wajen 1200 a kwana ɗaya. Ka haɗa duka za ka samu kusan 3000, wato kilowat-awa 3 a rana. Riƙe wannan lambar da kyau don da ita za mu auna komai har ƙarshe.

Ka lura ban sa dutsen guga ba, ban sa hita ba, ban sa esi ba. Duk abin da aikinsa zafi ne ko sanyi mai yawa to mugun ci gare shi, dutsen guga kaɗai ya kai wat 1000, hitar ruwa ta haura 1500, ƙaramar esi in ta kwana tana aiki za ta iya cin ninki biyu na abin da sauran gidan gaba ɗaya ya ci. In dole sai da su, sa su a lissafi, amma ka sani komai zai kumbura. Kuma kafin ka ƙara fanel ɗaya gara ka rage ci, canza tsofaffin kwayaye, ka nemi fanka mai aiki da DC, wato irin wutar batir, wadda ba ta wuce rabin abin da ta gargajiya ke ja ba. Wat ɗin da ba ka ƙona ba ba sai ka saya masa batir ba.

Sannan raba lissafin gida biyu, na rana da na dare. A misalinmu a ce kilowat-awa 2 daga ciki bayan faɗuwar rana ake cin su. Wannan shi zai nuna girman batir.

Mataki na biyu, duba abin da wurinka yake da shi

Fita waje. Akwai rafi mai gangara a filinka ko kusa? Kana da dabbobi da ke kwana a garke ɗaya? Gidanka a fili yake fetal ko a kan tudu, ko ko gine-gine da bishiyoyi sun kewaye shi? Rufinka na samun rana daga hantsi har la'asar ba inuwa? A intanet akwai taswirori biyu na kyauta, Global Solar Atlas da Global Wind Atlas, Bankin Duniya na da hannu a duka biyun, ka danna wurin da kake za su nuna maka ƙarfin rana da matsakaicin gudun iska. Amma taswira ba ta san bishiyar maƙwabcinka ba, wannan sai idonka.

Yanzu mu bi su ɗaya-ɗaya, kuma zan fara da wadda ta cuce ni.

Iska

Na taɓa sayen 'yar ƙaramar fankar iska, an rubuta wat 400 ɓaro-ɓaro a kwalinta, mai sayarwa ya ce ai ita ba ruwanta da dare ko rana, ko hadari ko hazo aiki take. Maganar ta shige ni. Muka kafa ta a kan rufi, kullum in na ɗaga kai sai in ga tana juyawa fir-fir-fir, raina fari tas, baƙi ma in sun zo sai na nuna musu. Ranar da na ari mita na ɗora a wayarta ina tsaye ina kallo, lamba na rawa tsakanin wat 8 da 15, sai in iska ta ɗan buso ta yi tsalle zuwa 40 ta sake faɗowa. Ga kuma gurnani da take sauko da shi ta cikin katakon rufi da daddare kamar wani na niƙa a saman kanka. Ashe juyawa daban, ba da wuta daban.

Ga dalilin. Ƙarfin da ke cikin iska ba daidai da gudunta yake tashi ba, gudun ake ninkawa da kansa sau uku. Iska ta ninka gudu biyu, wuta ta ninka takwas. Ta ragu zuwa rabi, saura kashi ɗaya cikin takwas. Wancan wat 400 na jikin kwali a iska mai gudun mita 11 ko 12 a daƙiƙa ake auna shi, irin iskar da ke kaɗa manyan rassa tana ɗauke hula. A yawancin unguwanni kuwa in ka samu matsakaicin mita 3 zuwa 4 ka yi sa'a. Daga 12 zuwa 4 gudu ya ragu sau uku, wuta ta ragu sau 27, raba 400 da 27 ka ga abin da mitata ta nuna mini. Ko da iskar ta tsaya a haka dare da rana, abin da za ka tara wajen sulusin kilowat-awa ɗaya ne kawai, mu kuwa 3 muke nema.

Kuma ba wata fanka a duniya da ke kwashe duk ƙarfin iskar da ta ratsa ta. Wani Bajamushe, Albert Betz, ya lissafa tun 1919 cewa iyakar abin da za a iya tatsa kashi 59 ne da ɗoriya cikin 100, ƙananan na gida ma ba sa zuwa kusa da nan. In ka ga 'yar mitsitsiyar fanka an rubuta mata dubban wat, ka san talla ce. Faɗin da fikafikai ke sharewa shi ne magana, ninka tsawonsu biyu ka samu wuta ninki huɗu.

Ba wai iska ba ta aiki ba ne fa. Tana yi sosai ga wanda ke bakin teku, ko kan tsauni, ko fili buɗaɗɗe inda matsakaicin gudu ya kai mita 5 zuwa sama. Sharaɗin shi ne doguwar hasumiya, ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce fankar ta ɗara duk wani gini ko bishiya da ke cikin tazarar mita 150 da aƙalla mita 9, saboda iskar da ta bugi gini hargitsattsiya ce, juya injin take tana cin ƙarfensa ba tare da ta ba da wani abin kirki ba. Sai ka haɗa da kula da ita, abu ne mai motsi, yana son mai, yana son ɗaure noti, kuma dole a sa masa wurin zubar da rarar wuta in batir ya cika, in ba haka ba ya yi ta gudu ba linzami har ya tarwatse. In da gaske kake, sayi ƙaramar na'urar auna iska ka ɗaga ta a tsayin da kake niyya, ka bar ta watanni, shekara ma ta fi. Gani ya kori ji.

Ruwa

Wannan mutane ƙalilan ne ke da shi, amma wanda Allah ya ba shi ya huta, don rafi ba ya barci. Abu biyu za ka auna, yawan ruwan da tsayin da zai faɗo. Na farko da bokiti ake yi, ka tare ruwan ya bi ta bututu ɗaya, ka tara bokiti mai lita 20, wani ya riƙe agogon waya. Ya cika a daƙiƙa 4, kana da lita 5 a daƙiƙa kenan. Yi sau uku ka ɗauki na tsakiya. Na biyu, tsayi daga inda za ka ɗebi ruwan zuwa inda injin da ruwan zai juya ya ba da wuta zai zauna, tsayi a miƙe nake nufi ba tsawon bututu ba.

Lissafin saukakke ne, lita a daƙiƙa sau mita na tsayi sau 5, ya ba ka wat ɗin da za ka samu bayan an cire kusan rabi na asara. Lita 5, mita 10, wat 250. Kar ka raina shi, awa 24 yake yi, kilowat-awa 6 kenan a rana, ninki biyu na gidan misalinmu, kuma batir kaɗan zai ishe ka tunda wuta ba ta yankewa. In tsayin na da yawa ruwan kaɗan ne, injin Pelton ake sawa, mai 'yan kofuna a jikin ƙafa ruwa na dukansu da ƙarfi.

Inda ake faɗawa rami shi ne babban kogi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ido na ganin ruwa har ya ƙoshi amma ba gangara. Da tsayin mita 1 sai ka samu lita 50 a daƙiƙa kafin ka kamo waccan wat 250 ɗin. Kuma a tsakiyar rani za ka yi awon, ba lokacin da ruwa ya cika ya batse ba. Ka tambayi dokar ƙasarku kan tare ruwa, ka kuma tuna akwai masu sha da masu ban ruwa a ƙasa da kai.

Bayogas

Kashin dabbobi da ruwa ake damawa, kusan rabi da rabi, a zuba a rufaffen rami ko tanki da iska ba ta shiga, ƙwayoyin halitta su ruɓar da shi ya fidda gas wanda kashi 50 zuwa 70 nasa methane ne, wato ɓangaren da ke kama wuta. Yana son ɗumi, wajen digiri 35, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya kankama. A ƙiyasi, kilo 25 na ɗanyen kashin shanu kan ba da gas kubik mita 1, in ka ƙona shi a ƙaramin janareto ka samu wajen kilowat-awa 1 da rabi, sauran ƙarfin duk ya tafi a zafi da ƙara. Don gidanmu kenan kilo 50 kullum, ba hutu, kashin shanu huɗu ko biyar da ke ɗaure wuri ɗaya. In kiwo suke fita to rabin kayan aikinka a daji suka bar shi.

Ni a ganina wannan gas ɗin girki ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba, kai tsaye daga tanki zuwa murhu, ga taki mai kyau a ragowar. In ka dage sai janareto, a tace shi tukunna, akwai wani sinadari a ciki mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin injin, garin ƙarfe ake bi da gas ɗin ta ciki ya kama shi. Kuma janareto ko da me yake aiki ba a kunna shi a cikin ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba a ji ba a gani.

Sola

To ga wadda mafi yawanmu za mu ƙare a kanta. Ba ta da abin da ke juyawa, ba ƙara, za ka iya farawa da kaɗan ka riƙa ƙari. A 1954 da aka fito da ta farko mai amfani a ɗakin binciken Bell a Amurka, kashi 6 cikin 100 na hasken rana take mayarwa wuta, na yanzu sun haura 20. Masu kyau garantin shekara 25 ake ba su, kuma ƙarfinsu na raguwa ne da kusan rabin kashi ɗaya a shekara.

Amma ita ma lambar jikinta ta ɗakin gwaji ce, an auna ta ne fanel na digiri 25. A kan kwano da tsakar rana yakan kai 60, kuma duk digiri ɗaya na ƙari yana rage wajen sulusin kashi ɗaya, ka ga sama da kashi 10 sun tafi. Mutane na ɗauka zafi ne abincin sola, a'a haske ne, zafi ma cutar da ita yake, shi ya sa ake barin tazara tsakaninta da rufi iska ta riƙa ratsawa. Ƙara da ƙura, da asarar waya, da ta batir da inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta layi, ka ɗauka kashi 75 ne zai iso hannunka.

Sai awannin rana. Ba daga fitowa zuwa faɗuwa ake ƙirgawa ba, ana dunƙule hasken yini ne a mai da shi awannin cikakkiyar rana, a ƙasashe masu zafi 4 zuwa 6 ne, can arewacin Turai da sanyi ko 1 ba ya kaiwa wani lokacin. Mu ɗauki 5. Raba 3000 da 5, ka samu 600, sake raba shi da 0.75, wat 800. Fanel biyu masu wat 400 kenan a takarda, amma ni uku zan ce ka sa, saboda ranakun hadari, kuma ka yi lissafi da watan da ya fi ƙarancin rana a wurinku ba wanda ya fi yawa ba.

Wajen kafawa, in kana arewa da layin da ya raba duniya biyu fanel kudu zai kalla, in kana kudu ya kalli arewa. Kar a kwantar da shi shamal, a ba shi karkata ko ta digiri 10 zuwa 15 ce don ruwan sama ya riƙa wanke shi. Inuwa kuwa babbar abokiyar gaba ce, ƙwayoyin cikin fanel a jere suke kamar sarƙa, inuwar sandar eriya ko tankin ruwa a gefe ɗaya sai ta ja ƙarfin layin gaba ɗaya ƙasa. Hau rufin da safe, da azahar, da la'asar ka gani da idonka.

Mataki na uku, batir, inda kuɗi da baƙin ciki suke

Ko sola ka zaɓa ko iska, nan za ka zo. Batir mai ruwa na 12V 200Ah a lissafi kilowat-awa 2.4 ne, amma rabi kawai ka isa ka taɓa, in kana tatse shi ƙarƙaf kullum to shekara ɗaya ko biyu ya mutu, wanda da an bi shi a hankali zai ninka haka. Darenmu mai cin 2 yana buƙatar irinsa biyu kenan. Ga duba ruwa, kuma tataccen ruwan batir ake ƙarawa ba na famfo ba, ga shi yana fidda gas mai kama wuta lokacin caji, dole wurin ya zama mai shan iska.

Litiyom, musamman nau'in LiFePO4, kana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Guda ɗaya na 25.6V 100Ah ya kusa riƙe daren nan shi kaɗai. Ranar saye ya fi ciwo a aljihu, amma ka lissafa sau nawa za ka canza mai ruwa a shekara goma, araha ba ta ado. Abin tsoro a nan jabu ne, da tsofaffin ƙwayoyi da ake sa wa sabuwar riga, saya inda za a rubuta maka garanti. Kuma kar ka haɗa tsohon batir da sabo a layi ɗaya, tsohon zai ja sabon su tafi tare.

Tsakanin fanel da batir akwai kontirola mai daidaita caji, iri biyu ce. PWM ta fi sauƙi kuma ta isa ƙaramin haɗi, MPPT ta fi iya tatsar fanel, in haɗinka ya kai girman misalinmu ita za ka nema. Inbata kuma a samu mai fidda tsaftatacciyar wuta irin ta layi, ka tambayi mai shago pure sine wave, in ba ita ba fanka za ta riƙa kuka firji ya riƙa zafi. Girmanta ba da cin rana ake auna shi ba, da abin da za a kunna lokaci ɗaya ne, a bar rara saboda firji da injin jan ruwa kan fizgi ninki uku ko fiye a daƙiƙar tashi. Wani abu da ke ba mutane mamaki, akwai inbata da ake haɗawa da wutar layi kai tsaye ba batir, tana rage kuɗin wuta sosai, amma da an ɗauke wuta ita ma ta mutu ko da rana na tsaka, da gangan aka yi ta haka don kar ta tura wuta kan ma'aikacin da ke gyaran layi. In matsalarka ɗaukewar wuta ce, mai haɗe da batir za ka saya.

Mataki na huɗu, yanke shawara da kiran mai haɗawa

Kana da rafi mai gangara da ba ya ƙafewa, fara da shi. Ba ka da shi, sola. Iska sai ka auna ka tabbatar, kuma ko a nan ta fi daɗi a matsayin abokiyar sola, a wuraren da lokacin hadari ko sanyi ke zuwa da iska mai ƙarfi ɗaya na rufa wa ɗaya asiri. Mai garke ya gina bayogas don murhu, ya sa fanel don fitila.

In mai haɗawa ya zo, miƙa masa takardar lissafinka ka ga yadda zai yi. Wanda ya fara jero maka kaya bai tambayi abin da za ka kunna ba, sallame shi. Tambaye shi kaurin wayar da zai sa tsakanin batir da inbata, don a 12V wat 1000 ya haura amfiya 80, siririyar waya za ta yi zafi har ta narke, shi ya sa haɗi in ya girma ake komawa 24V ko 48V. Tambaye shi ina fis ɗin da ke jikin batir, ina bireka ta ɓangaren fanel, ina wayar da za ta shiga ƙasa saboda tsawa. Kuma kafin ya tafi ya tsaya da kai gaban allon inbata ya nuna maka lambar da in batir ya sauko kanta za ka kashe manyan kaya, ka rubuta ta a takarda ka manna a bango, don ba kullum kake gida ba.

Guga da jan ruwa a mai da su tsakar rana lokacin da fanel ke kan ganiyarsa, kar a jira dare a ɗora wa batir. Wankin fanel kuma da sassafe ko da yamma, gilashi na sanyi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, lokacin ƙura ko sau ɗaya a mako.